Aiken da Kawu Ɗanlami Ya Kai Wuse

Masaka ce zangona na farko, kuma a can na gane cewa ba duk wanda ya ce ya tafi Abuja ne yake kwana a Abuja ba. Mota ta sauke ni a bakin titin Keffi da la'asar, da jaka ɗaya da kwalin digirina na ilimin kwamfuta a cikin leda. Wanda aka haɗa ni da shi daga gida Malumfashi shi ne Alhaji Ɗanlami, abokin mahaifina tun suna samari, mai sayar da janareto da kayan gyaransa a kasuwar Masaka. Ba jininmu ɗaya ba, amma tun ina yaro Kawu nake ce masa.

Washegari, tun ban huta ba, ya zaga da ni rumfa rumfa.

"Ga ɗana Nafi'u. Injiniya ne. Duk kwamfutar da ta gagari Abuja a kawo masa."

Muryarsa irin ta wanda ya shekara ashirin yana magana a kan ƙarar inji ce, ko raɗa zai yi sai layin gaba ya ji. Ni kuwa ina biye da shi ina sunkuyar da kai, ina cewa a hankali ai ban kai nan ba tukuna. Babu wanda ya saurare ni. Kafin azahar har an kawo mini rediyo biyu da wata fanka in duba.

Na daɗe a gidansa ba aikin fari ba na baƙi. Ina cin tuwonsa, ina kwana a ɗakin zaurensa, ina fita da safe da takardu in dawo da yamma da su. Matarsa, Gwaggo Asabe, ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba. In ta ga na dawo da ƙura a takalmi sai ta ƙara man shanu a miyata ta yi kamar ba ta san ta yi ba, wannan kuwa ya fi tambaya nauyi a wurina. Ranar Juma'a mahaifiyata takan kira.

"Ka fara aikin?"

"Ana nan ana nema, Inna."

Sai ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, ina jin kukan akuyarmu a bayanta. In mun gama nakan daɗe a zaune da wayar a hannu.

Kawu ne ya samo mini aikin daga ƙarshe, ta hannun wani da yake sayen janareto a wurinsa. Kamfani ne na dillancin magunguna, hedikwatarsa a Wuse, rassansa sun bazu daga Karu har jihohin da ke kewaye. Lokacin kuɗi na yawo a gari, kowane wata sai ka ji sun buɗe sabon reshe. Mai kamfanin, Alhaji Garba, dattijo ne mai farin gemu, ba ya son doguwar magana. Ya duba takarduna a tsaye ya ce gwaji zan yi na 'yan watanni. In an gamsu da ni, akwai kujera a hedikwata, ta mai kula da kwamfutocin kamfanin gaba ɗaya. In ba a gamsu ba, kowa ya kama gabansa. Wannan kujerar ita ce abin da na sa a gaba, don ita ce za ta fitar da ni daga zauren Kawu, ta kuma ba ni amsar da zan ba Inna ranar Juma'a.

Zango na biyu shi ne hanyar kanta, domin ina jin rabin zamana na Abuja a cikin bas na yi shi. Ana sallame asuba nake fita, amma duk sammakonka sai ka tarar da gosulo ya riga ka isa Karu. Motoci su yi cirko-cirko, masu tallan burodi da ruwan leda su yi ta ratsawa, kwandasta yana dukan jikin mota yana cewa, "Oga, matsa mana, wannan mata zai zauna." Da farko irin wannan Hausar takan sa ni murmushi. Daga baya na lura su abin da suke nufi suke faɗa kai tsaye, ni mai daidaitacciyar Hausar ne nake kewaye-kewaye kafin in nemi canjina.

A Wuse aka ɗora mini aikin da ya zama sanadin wannan labari. Kwamfutocin rassa duk suna tafiya ne a kan babbar manhajar da aka kwafo ba lasisi, bairos ya cinye su, yau wannan reshe ya tsaya gobe wancan. Alhaji Garba ya yanke shawarar a koma Linux gaba ɗaya. To, Linux ba abu ɗaya ba ne. Gindinsa ɗaya, amma jama'a da kamfanoni daban-daban kowa ya haɗa nasa samfurin, mu a ofis muna ce musu distiro. Dole a zaɓi guda a zuba a kwamfutoci masu yawan gaske, kuma in an zuba, sauyawa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Guda uku ne a gabanmu. Akwai wanda ake biyan kuɗinsa duk shekara, in ya ba da matsala akwai kamfanin da za ka kira. Akwai na kyauta mai dogon zango, ba shi da ƙyale-ƙyale, amma masu shi sukan yi shekaru suna toshe masa ɓaraka ba tare da sun sauya masa kama ba. Sai na uku, shi ma kyauta, kyakkyawa, sabo fil, duk bayan 'yan watanni a fito da wani, a daina kula da na baya ba da daɗewa ba.

Na ukun nan shi Faruk yake so. Faruk ɗan Alhaji Garba ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ba zan ce bai san aiki ba, ya sani, kuma bai taɓa wulaƙanta ni ba. Sai dai a kan kwamfutarsa ta hannu ya gwada, sabuwa, a ofis mai intanet mai ƙarfi.

Ni na so in gwada duka ukun a kan irin tsofaffin kwamfutocin da ke rassa. Intanet ɗin da aka ba ni ba zai sauko da su ba ko zan kwana uku, don haka na shiga kasuwar Wuse wurin masu sayar da faya-fayai. Wani ya ji Hausata ya tashi ya ba ni kujera, ya ce shi ma ɗan Katsina ne, har ya ambaci wata unguwa a garinmu. Ya haɗa mini faifai uku, kowanne da sunansa a rubuce da alƙalamin maka. Na ji kunyar in ce a gwada a gabansa, ɗan gida ne. Da na koma ofis, biyu babu komai a cikinsu, na ukun waƙoƙin biki ne. Na koma washegari, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce da Turanci wa nake nema.

Bitrus ne ya cece ni. Shi ne mai gyaran kwamfutocin rassa, mutumin Karu, mai yawan dariya. Ya ga faya-fayan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai ma an yi maka barka da zuwa ke nan. Ni nawa wayar hannu ne, na buɗe kwali na ga sabulu."

Ya kai ni wurin wani abokinsa mai shagon intanet aka sauko mini da su, ya buɗe mini sito inda aka jibge tsofaffin kwamfutoci, ya kuma ɗauko mini firintar rasit daga reshen Karu a bayan babur ɗinsa. A siton nan na yi makonni, cikin zafi da ƙurar kwali. Abin da na gani bai da wuyar faɗa. Zaɓin Faruk yana da nauyi a kan tsofaffin injina. Firintar rasit ta yi aiki a kansa, amma da na sabunta shi sai ta daina, kuma reshen da ba ya fitar da rasit ba ya ciniki. Ga shi kullum yana neman a sauko da sabbin abubuwa, rassanmu kuwa wasu da ƙyar suke aika saƙo. Kafin mu gama zagaye rassa muna zubawa, wa'adinsa ya kusa cika, sai mu sake sabon zagaye. Mai dogon zangon bai da kyan gani, amma duk abin da na jarraba ya tsaya inda na bar shi. A raina na tsayar: shi za a sa a rassa, babbar kwamfutar hedikwata kuma, wadda lissafin kaya yake ciki, a saya mata mai lasisi don a samu wanda za a kira.

Ranar taro Faruk ya haska nasa a bango. Tagogi suna juyawa, launi yana sauyawa, manajoji suna gyaɗa kai. Alhaji yana kallon ɗansa da irin kallon da uba yake yi in yana ɓoye jin daɗi. Sai ya juyo.

"Nafi'u, kai ka yi ta zama a sito. Me ka gani?"

Na miƙe. Na ce gaskiya Oga Faruk ya yi ƙoƙari ƙwarai. Na ce kowanne daga cikin ukun yana da nasa alheri. Na ce wataƙila, in ban yi kuskure ba, akwai ɗan abin dubawa ta wajen firinta, ko da yake mai yiwuwa daga firintar ne, kuma Allah ne masani. A gidanmu ba a kushe ɗan mutum a gaban ubansa, balle uban yana ciyar da kai. Ina ta neman hanyar da zan bi in isa ga maganar ba tare da na taka kowa ba, har Alhaji ya duba agogo.

"To, ashe bakinku ɗaya. Mako mai zuwa sai a sa hannu a fara."

Bitrus ya harare ni daga ƙarshen tebur. A bakin ƙofa ya ce, "Malam, wannan Turanci ne ko Hausa? Ni dai ban ji komai ba."

Da magariba a Masaka na kasa cin tuwo. Kawu ya lura.

"Kai, lafiya? Ko an taɓa ka a wurin aikin?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma abin ya cika mini ciki. Na yi masa bayani da abin da ya sani. Na ce kamar a ce za a saya wa kowane reshe janareto ne, ɗan mai gida ya zaɓi wani mai ƙyalli wanda ba a jima ba za a daina yin kayan gyaransa, kuma in ya lalace babu wani takamaiman mai shi da za a riƙe. Na ce na san wanda ya fi, amma na kasa faɗa a gaban Alhaji.

Kawu ya ajiye lomarsa.

"Ai ka yi daidai. Tarbiyya ke nan. Yaro ba ya buɗe baki ya ƙaryata ɗan mutum a gaban mutum. Irin wannan magana babba ake aikawa."

Na ce ina jin ba sai an kai ga haka ba, wataƙila zan samu hanya. Ya ce in ci tuwona. Na ɗauka maganar ta mutu a kan tabarmar.

Ranar Litinin da hantsi ina zaune a teburina sai na ji muryar da ko a cikin barci na san ta. Kawu ne a wurin mai karɓar baƙi, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya sha turare, da ƙullin goro a hannu. Ofishinmu falo ɗaya ne babba, kowa yana ganin kowa, ɗakin Alhaji kuma bangon gilashi ne. Kafin in tashi har an shigar da shi. Bai ko dube ni ba, don a al'ada ɗan aike ba ya tsayawa wurin wanda ya aiko shi.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya ajiye goron a kan tebur kusa da wayoyin Alhaji. Sannan ya gyara zama ya rage murya, wato ya dawo da ita daidai yadda duk falon zai ji.

"Alhaji, yaron nan Nafi'u ɗana ne, kunya gare shi, shi ya sa na zo. Ya ce in gaya maka injin da ɗanka ya kawo jabu ne. Ba shi da mai shi. Shekara ba za ta zagayo ba zai mutu, kuma ko ƙusa ɗaya ba za a samu a kasuwa ba. Kada a cuce ka, kada kuma a ga laifin yaron naka, ƙuruciya ce."

Duk wani mai danna kwamfuta a falon ya tsaya. Wata mai lissafi ta sa gyale ta toshe baki. Wanda bai jin Hausa yana tambayar na kusa da shi, ana fassara masa, ina jin kalmar jabu tana tafiya daga tebur zuwa tebur. Na dubi ƙasan teburina, na ga da gaske ina auna ko zan shige.

Aka kira Faruk. Aka kira ni. Faruk ya tsaya ya harɗe hannu, fuskarsa ba fushi a cikinta, mamaki ne, kuma wannan ya fi ƙona ni. Kawu yana zaune yana murmushi, ya sauke nauyi. Alhaji ya dube ni.

"Kai ka aiko shi?"

Ban aike shi ba. Amma in na ce a'a, na mayar da dattijon da ya ba ni ɗaki da tuwo maƙaryaci ko mai shisshigi, a gaban sa'ansa, da rigarsa ta Juma'a a jikinsa. In na ce e, na zama mai digirin da ya turo kawunsa da goro ya faɗi abin da aka ɗauke shi aiki don ya faɗa.

"Ni na aiko shi, ranka ya daɗe."

"Jabu ne abin da Faruk ya kawo?"

"Ba jabu ba ne. Ni ne ban yi wa Kawu bayani da kyau ba. Abu ne mai kyau, amma ba na rassanmu ba ne."

Ban san daga ina sauran ya fito ba. Ina jin wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na faɗi maganar firinta, da nauyin manhajar, da raunin intanet na rassa, da zagayen da ba zai ƙare ba. Na faɗi wanda za a sa a rassa da wanda za a saya wa hedikwata. Ban ce wataƙila ko sau ɗaya ba. Faruk ya yi mini tambayoyi masu kaifi, na amsa, ya ce a je sito ya gani da idonsa. Muka je, Bitrus ya kunna, firintar ta yi shiru a kan nasa, ta fitar da rasit a kan ɗayan. Faruk ya daɗe yana kallon takardar.

"Me ya hana ka zuwa ofishina ka nuna mini wannan tun tuni? Ƙofata a buɗe take."

Na ce ya yi haƙuri.

Alhaji ya karɓi goron, ya ɓare ɗaya ya ci, ya raka Kawu har bakin mota yana yi masa godiya. Ban taɓa ganin ya raka wani ba. Da ya dawo ya kira ni ni kaɗai, ya rufe ƙofar gilashin.

"Za a bi shawararka. Kuma na san ba kai ka aiko shi ba, ni ma a irin gidan da ka tashi na tashi. Ka kyauta da ka rufa masa asiri. Amma kujerar nan, wanda zai zauna a kanta wata rana zai ga ina shirin jefa dukiyata a rijiya, kuma babu kawu a kusa. Na tambaye ka a gaban mutane, ka bar ni na tafi. Ba zan iya ba ka ita yanzu ba."

Ya ce Faruk zai jagoranci aikin daga hedikwata. Ni kuma zan bi rassa ɗaya bayan ɗaya ina zubawa, a matsayin ɗan kwantiragi, in an gama a sake duba lamarina. Na ce na gode. Ina ganin bai zalunce ni ba, ko da yake na yi ta juya maganar a raina ina neman inda zan ce ya yi, ban samu ba.

Kafin a tashi aiki sunana ya koma Injiniya Mai Kawu. Har mai gadi ya tambaye ni ko akwai sauran goro. Bitrus bai kira ni da sunan ba sai sau ɗaya, sannan ya saya mini masara gasasshiya a bakin titi, muka tsaya muna ci har motar Masaka ta zo.

Na isa Masaka ana kiran magariba. Tun daga bakin layi na hango Kawu a kan benci, maƙwabtan rumfarsa sun kewaye shi, yana nuna yadda Alhaji ya riƙe masa hannu har mota. Ya riga ya kira mahaifina ya ba shi labari. Gwaggo Asabe ta yanka kaza.

"Ga shi nan! Injiniya, zo ka gaya musu. An bi maganarka ko ba a bi ba?"

"An bi, Kawu."

"To! Kujerar fa?"

Mutanen duk suka zuba mini ido. Na ce Alhaji ya ce in fara zagaya rassa tukuna, in san kamfanin ciki da waje.

"Kun ji ko? Rangadi za a tura shi. Haka ake yi wa wanda za a ɗora." Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai warin man inji da turare. "Ka ga amfanin babba, ɗana? Duk ranar da wata magana ta sake yi maka nauyi, kada ka ji komai. Rigar tana nan a rataye."

Na ce Allah ya ƙara girma. Aka kawo kazar, ya zaɓo cinya da hannunsa ya sa a gabana, ya tsaya yana kallo sai da na cinye.